Tambaya da Amsa: Wa Zai Riga Wani a Cikin Jeri?

Wasiƙu uku daga cikin waɗanda suka iso wannan fili a watan nan kuka ɗaya suke yi, ko da yake masu su ba su san juna ba, kuma kowannensu da harshen shirya manhajar da yake aiki da shi. Dukansu suna son kwamfuta ta jera musu abubuwan da suka tsara da kansu, ita kuwa ko dai ta ƙi, ko ta jera su yadda ta ga dama. Na haɗa wasiƙun wuri ɗaya domin amsar kowace tana ƙara haske a kan 'yar'uwarta.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a Zariya, kuma ni nake haɗa sakamakon ajina mai ɗalibai 46 a ƙarshen kowane zango. Na koyi Python kaɗan, har na tsara kowane ɗalibi da sunansa da jimillar makinsa da makinsa na lissafi. Idan na ba sorted lambobi zalla, sai ta jera su nan take, amma da na ba ta ɗaliban sai ta tsaya da saƙon TypeError, tana cewa alamar < ba ta aiki tsakaninsu. Abin da nake so shi ne mai jimilla mafi yawa ya zo farko, idan an yi kunnen doki kuma a duba lissafi. Ina na kuskure?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ba ka yi kuskure a rubutu ba, abin da ya rage kawai shi ne ba ka faɗa wa kwamfutar da wane ma'auni za ta auna ɗaliban ba. Duk wata dabarar jeri da ke cikin waɗannan harsuna tambaya ɗaya take maimaitawa daga farko har ƙarshe: ta ɗauko abu biyu, ta tambaya wanne ne zai riga wani. Idan 7 da 12 ne, amsar tana nan a cikin harshen tun asali. Idan kuwa ɗalibai biyu ne, babu yadda za ta san ko shekaru kake nufi, ko maki, ko harafin farko na suna, shi ya sa ta tsaya ta mayar maka da tambayar, kuma a ganina gara hakan da a ce ta yi kirdado ta ba ka jerin da ba ka nema ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka ba ta ma'auni ta ƙofar da ake kira key, wato ɗan umarnin da zai karɓi ɗalibi ɗaya ya fito da abin da za a auna shi da shi:

sorted(dalibai, key=lambda d: (-d.jimilla, -d.lissafi, d.suna))

Abubuwa ukun da ke cikin bakan nan ana duba su ne bi da bi. Ana fara kwatanta jimilla, kuma muddin ta bambanta magana ta ƙare a nan, ba za a waiwayi sauran ba. Sai idan jimillar ta zo daidai ne za a sauka kan lissafi, idan shi ma ya zo daidai a koma kan suna. Alamar ragewa da na sa a gaban makin dabara ce ta juya jeri, domin Python daga ƙarami take hawa zuwa babba, kuma -612 ya fi -580 ƙanƙanta, saboda haka mai 612 ne zai hau sama. Ban sa reverse=True ba da gangan, domin shi zai juya komai ne har da sunayen, ka tarar Zainab ta riga Aminu a wurin da suka yi daidai a komai.

Akwai wata kyakkyawar ɗabi'a ta wannan jeri da ya kamata ka sani. Idan abubuwa biyu suka yi daidai a ma'auni, Python ba ta sauya musu matsayi, wanda ya riga a jerin asali shi zai ci gaba da riga. Dabarar da ta kafa wannan aiki a Python ana kiranta Timsort, daga sunan Tim Peters wanda ya rubuta ta a shekarar 2002, kuma amfanin wannan ɗabi'a shi ne kana iya jeri hawa-hawa: ka fara jera ɗaliban da suna, sannan ka sake jera sakamakon da lissafi, daga ƙarshe ka jera da jimilla, su biyun daga babba zuwa ƙarami. Ma'auni mafi muhimmanci shi ne na ƙarshe, kuma abin da zai fito daidai yake da na layin da ke sama.

Za ka ga a wasu tsofaffin littattafai ana rubuta cmp, wato ɗan umarnin da ke karɓar abu biyu ya dawo da lamba ƙasa da sifili idan na farko ne a gaba, sifili idan daidai suke, ko sama da sifili idan na biyu ne a gaba. An cire wannan ƙofa tun fitowar Python 3.0 a watan Disamba na 2008, kuma ɗaya daga cikin dalilan da suka sa key ya fi shi ne yawan aiki: ma'auni sau ɗaya ake lissafa shi ga kowane ɗalibi, wato sau 46 a ajinka, alhali umarnin kwatanci ana kiran sa ne a duk lokacin da aka haɗa biyu, wanda zai iya kai kusan sau 200 a aji irin naka, ya kuma haura sau 8,000 idan ɗaliban 1,000 ne. Wanda ya matsu da tsohuwar hanya zai same ta ta cmp_to_key a cikin functools, kuma tana da ranarta, kamar idan aka ce ka jera 3 da 34 da 9 yadda idan an manna su za su ba da lamba mafi girma. A nan dole ka gwada biyu-biyu, ka ga 343 ta fi 334, sannan ka san 34 ce za ta riga 3, amsar ta zama 9343.

Wani zai ba ka shawara ka rubuta __lt__ a cikin tsarin ɗalibin kansa, domin sorted ta yi aiki ba tare da key ba. Zai yi aiki, tunda alamar < kaɗai jerin Python ke buƙata, amma ni ban so maka shi ba. Wannan hanya ta dace da abin da ke da tsari ɗaya tak wanda kowa ya yarda da shi, kamar kwanan wata ko adadin kuɗi. Ɗalibi ba haka yake ba: yau da maki za ka jera shi, gobe rajistar aji za ta nemi jerin suna, jibi kuma ofishin shugaban makaranta ya nemi lambar shiga.

Abu na ƙarshe, ko da yake ba ka tambaya ba, kada ka ɗauki lambar layi a matsayin matsayin ɗalibi. Idan makarantarku jimilla kaɗai take dubawa wajen ba da matsayi, to biyun da suka yi kunnen doki a bayan na biyu duka na uku ne, mai bi musu kuma na biyar, kuma wannan lissafi ne dabam da za ka yi bayan an gama jeri. Iyaye ba sa yafe irin wannan kuskure a katin sakamako.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na rubuta wa kantin maganin yayana manhaja da Java a nan Maraɗi, wadda ke jera magunguna daga mai araha zuwa mai tsada. Yayan nawa ya ce idan bambancin farashin biyu bai kai sefa 50 ba a ɗauke su kuɗi ɗaya, a sa wanda wa'adinsa ya fi kusa ƙarewa a gaba domin a fara sayar da shi. Na rubuta haka a cikin Comparator, wato ƙa'idar kwatanta abu biyu ta Java, na gwada da magunguna 15 komai lafiya. Da muka zuba kayan kantin gaba ɗaya, fiye da 400, sai manhajar ta riƙa mutuwa jefi-jefi da saƙon "Comparison method violates its general contract!" Wani aboki ya ce akwai saitin da ke kashe saƙon. In sa shi?

AMSA: Kada ka sa shi, ɗan'uwa. Saitin da abokinka yake nufi shi ne java.util.Arrays.useLegacyMergeSort, wanda ke mayar da Java kan tsohuwar dabarar jerin da take amfani da ita kafin Java 7 ta fito a 2011 da Timsort. Tsohuwar ba ta ƙorafi, amma rashin ƙorafinta bai gyara komai ba, za ta miƙo maka jeri gurɓatacce ne ta yi shiru, kai kuma ka ɗauka lafiya. Saƙon da kake gani gaskiya yake faɗa maka, ƙa'idar da ka rubuta tana ƙaryata kanta.

Bari mu gani da magunguna uku. Na farko sefa 1,000 ne, wa'adinsa Disamba. Na biyu sefa 1,040, wa'adinsa Satumba. Na uku sefa 1,080, wa'adinsa Yuni. Idan aka haɗa na farko da na biyu, tazarar 40 ce, saboda haka wa'adi za a duba, na biyu ya shiga gaba. Idan aka haɗa na biyu da na uku, nan ma tazarar 40 ce, na uku ya shiga gaban na biyu. Hankali zai ce tunda na uku ya riga na biyu, na biyu kuma ya riga na farko, lalle na uku ya riga na farko. Amma da za a haɗa su kai tsaye, tazarar 80 ce, ta wuce 50, saboda haka araha za a duba, na farko ya shiga gaban na uku. Ka ga an yi zobe ke nan. Kai da kake ƙasar kokawa ka san wannan ba baƙon abu ba ne a fage, wane ya ka da wane, shi kuma ya ka da na uku, na ukun ya zo ya ka da na farko, kowa ya tafi yana da abin faɗa. A fage wannan abin nishaɗi ne, amma idan aka ce ka tsayar da ukun a layi ɗaya bisa wanda ya ka da wani, duk yadda ka tsayar da su sai an sami wanda aka zalunta.

Alkawarin da saƙon yake magana a kai sharuɗɗa ne da takardun Java suka ɗora wa duk mai rubuta compare. Idan ka ce A ya riga B, to idan aka juya tambayar dole ka ce B yana bayan A. Idan A ya riga B, B kuma ya riga C, dole A ya riga C. Idan kuma ka ce A da B daidai suke, dole su kasance gefe ɗaya a gaban kowane C. Dalilin tsananin shi ne dabarar jeri ba ta haɗa kowa da kowa. Magunguna 400 suna da haɗin biyu-biyu har 79,800, ita kuwa 'yan dubbai kaɗan take tambaya, sauran duk ta ɗauke su a matsayin abin da ya biyo baya daga amsoshin da ka riga ka ba ta. Da zarar amsoshin sun ci karo da juna, ginin da ta ɗora a kansu ya rushe.

Dalilin da ya sa gwajinka na 15 ya wuce lafiya kuwa shi ne, idan abubuwan ba su kai 32 ba, Java ba ta shiga matakin haɗe gungu-gungu, tana cusa kowane abu ne a gurbinsa ɗaya bayan ɗaya, kuma a matakin haɗewar ne kaɗai ake gano saɓanin. Ko a can ma ba kullum ake kama shi ba, ya danganta da yadda kayan suka zo, shi ya sa ka ga mutuwar tana zuwa jefi-jefi.

Maganin shi ne ka bar auna kusanci tsakanin biyu, ka raba farashi gida-gida masu iyaka tabbatacciya, ta yadda kowane magani zai san gidansa ba tare da duban maƙwabcinsa ba:

Comparator.comparingInt((Magani m) -> m.farashi / 50).thenComparing(m -> m.waadi)

Rabawa da 50 a lambobi marasa ɓurɓushi tana jefa 1,000 zuwa 1,049 a gida na 20, 1,050 zuwa 1,099 a gida na 21, haka har sama. Ana jera gidajen tukuna, sannan a cikin kowane gida a bi wa'adi. Gaskiya ne cewa 1,049 da 1,051 za su rabu alhali sefa 2 ce tsakaninsu, kuma ya kamata ka zauna ka bayyana wa yayanka wannan, domin abin da ya nema da farko babu jerin da zai iya cika shi. Waɗannan comparingInt da thenComparing sun shigo ne da Java 8 a 2014, kuma ina ba kowa shawarar ya riƙa gina ƙa'idarsa da su maimakon tulin if da else, domin wanda ya bi ta kansu da wuya ya karya alkawarin nan.

Tunda muna kan Java, akwai wani rami da na sha ganin masu koyo suna faɗawa, wato rubuta return a - b a matsayin kwatanci. Gajere ne, yana kuma aiki a ƙananan lambobi, amma int, wato ma'ajin lamba marar ɓurɓushi na Java, ba ya ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647. Ka ɗauka manhajar tana ajiye kuɗi a kwabo, wani yana da rarar naira miliyan 15, wani kuma ana bin sa miliyan 10. Ragewar za ta ba da kwabo 2,500,000,000, wanda ya fi ƙarfin ma'ajin, sai lambar ta zagayo ta koma ƙasa da sifili, kwamfuta ta yanke hukuncin cewa mai bashi ya fi mai rara kuɗi. Integer.compare(a, b) ba ta da wannan illa. Masu C++ kuma su sani cewa nasu ya fi muni, domin idan aka ba std::sort ƙa'idar da ta yi amfani da <= a maimakon <, harshen bai yi alkawarin wani saƙo ba, manhajar tana iya karanta wurin da ba nata ba a ƙwaƙwalwa ta faɗi ba bayani.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Ni ɗaliba ce a Kano, ina gina wa ƙungiyar unguwarmu shafin intanet da JavaScript, wanda ke nuna sunayen mambobi bisa tsarin abacada. Komai yana tafiya daidai sai dai duk sunan da ya fara da harafi mai lanƙwasa, irin su Ɗanladi da Ƙasimu, yana faɗawa can ƙasa bayan Zainab. Shin kwamfuta ba ta san haruffanmu ba ne?

AMSA: Ta san su, 'yar'uwa, sai dai da lamba ta san su. A tsarin Unicode kowane harafi yana da lambarsa: babban A shi ne 65, babban Z 90, ƙaramin a 97, ƙaramin z kuma 122. Namu masu lanƙwasa suna can nesa, babban Ɓ 385, babban Ɗ 394, babban Ƙ 408. Idan kika kira sort ba tare da kin ba ta ƙa'ida ba, waɗannan lambobin take bi, saboda haka dole Ɗanladi ya zo bayan Zainab. A ƙananan haruffa ma abin ya fi rikicewa, domin ƙ tana 409, ɓ tana 595, ɗ tana 599, wato ƙasa za ta riga ɓera. Wannan ɗabi'a ta mayar da komai rubutu ita ce kuma ke sa JavaScript ta jera 100 a gaban 25 idan ba a ba ta ƙa'ida ba, tunda harafin 1 ya riga harafin 2.

Ba sai kin rubuta ƙa'idar da kanki ba, domin kundin bayanan harsuna na Unicode, wanda ake kira CLDR, yana ɗauke da tsarin jerin Hausa, kuma ana isa gare shi kamar haka:

const tsari = new Intl.Collator("ha");
mambobi.sort((a, b) => tsari.compare(a.suna, b.suna));

Da wannan Ɗanladi zai zauna bayan Dauda da duk masu D, kafin a shiga E, Ƙasimu kuma ya biyo bayan Kabiru. Ki gwada a wayoyi biyu ko uku kafin ki saki shafin, domin burauzar da ba ta ɗauke da bayanan Hausa za ta koma tsarin gama-gari ba tare da ta sanar da ke ba. Ki kuma shirya wa wani abin da zai iya ba mambobinku mamaki: a wannan tsari sh da ts haruffa ne masu zaman kansu, kamar yadda aka koya mana a firamare, saboda haka Sule zai riga Shehu, Tukur kuma ya riga Tsoho. Ni ina ganin hakan shi ne daidai ga rajistar da aka rubuta da Hausa, amma wanda idonsa ya saba da jerin Turanci zai nemi Shehu tsakanin Sani da Sule ya rasa, saboda haka yana da kyau ki sa ɗan bayani a saman shafin.

Ga Malamin Zariya, wanda shi ma sunayen ɗalibansa za su gamu da wannan matsala a Python, akwai wata 'yar dabara mai sauƙi. A cikin ma'auni, ya mayar da sunan ƙananan haruffa, sannan ya musanya ɓ da b~, ɗ da d~, ƙ da k~, sh da s~, ts da t~. Alamar ~ lambarta 126 ce, ta fi z, saboda haka d~ zai zo bayan duk wani d da harafi ya biyo, amma kafin e. Sunan asali ba ya canzawa, ma'aunin kaɗai ake taɓawa.

Inda aikin gaske yake, 'yar'uwa, shi ne yadda aka shigar da sunayen tun farko. Mutum ɗaya za ki same shi an rubuta Ɗanladi, wani wuri Danladi, wani wuri 'Danladi ko D'anladi, gwargwadon allon rubutun wayar wanda ya shigar, kuma babu ƙa'idar kwatancin da za ta gane cewa mutum ɗaya ne. Haka harafin da muke rubutawa 'y a Najeriya, a Nijar ƴ ake rubuta shi, ita kanta alamar da ke gabansa tana da siffa aƙalla uku masu lambobi dabam-dabam, miƙaƙƙiya da lanƙwasassa da ta musamman ta masana harshe, waɗanda ido ba ya cika rarrabewa. Ki zaɓi siffa ɗaya, ki sa shafin ya riƙa mayar da sauran gare ta a lokacin da ake shigar da suna, kafin a ajiye shi. Ki kula kuma da sunaye irin su Is'haƙu, inda s da h haruffa biyu ne da alamar ta raba, domin idan kika share alamar da sunan tsaftacewa, tsarin zai karanta su a matsayin sh ya kai shi gurbin da ba nasa ba.